Garin da Ya Girmi Gine-ginensa: Abin da Na Gani a Banaras



Shugaban taro, malamaina da nake hange a sahun gaba, iyaye da yayye, ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma. Na gode da wannan gayyata. In na zarce lokaci kaɗan a yi mini uzuri, domin wanda ya dawo daga tafiya bakinsa ba ya rufuwa da wuri.

Bari in fara da tambaya. Wa ke cikin zauren nan da bai taɓa kallon fim ɗin Indiya ba? Ban ga hannu ko ɗaya ba. Iyayenmu sun kalla a silima, mu mun kalla a kaset, ku kuna kallo a waya har da fassarar Hausa. A cikinsu sau nawa muka ga uwar jarumi ta ruga ɗakin bauta, ta kaɗa ƙararrawa, ta durƙusa gaban gunki tana kuka? Mun gani har ba adadi, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambaya: wane wuri ne wannan, me take nema, me ya sa take kaɗa ƙararrawar? Mun san rawar Indiya da waƙarta, ba mu san ibadarta ba. Ga shi kuwa 'yan'uwanmu na tafiya can kullum, wasu karatu, wasu asibiti, wasu fatauci.

Ni ma karatu ne ya kai ni Delhi. Da aka ba mu hutu cikin watan Nuwamba, sai na hau jirgin ƙasa na dare, tafiyar kilomita kusan 800 gabas, zuwa garin da mabiya addinin Hindu suka fi girmamawa. Sunansa uku. A takardun gwamnati Baranasi ne, a bakin mutanen gari Banaras, a bakin masu ziyarar ibada kuwa Kashi, wato garin haske. Yana cikin jihar Uttar Pradesh, a gaɓar kogin Ganga. Kwana biyar na yi.

Kafin in shiga labari, ga matsayina, don kada wani ya fita yana cewa malam ya je Indiya ya dawo da wani abu. Musulmi na tafi, Musulmi na dawo. Ban yi sujada ga kowa ba, ban bari an shafa mini jan gari a goshi ba. Na je ne a kan sawun wani babban malaminmu, Abu Raihan Albairuni, wanda kusan shekara 1,000 da suka wuce ya zauna da malaman Hindu, ya koyi harshensu na Sanskirit, ya rubuta littafi a kan imaninsu da iliminsu wajen shekarar 1030. Bai yarda da su ba, bai kuma yi musu ƙarya ba. A littafin ya ambaci Banaras a matsayin cibiyar karatu, wurin da masu gudun duniyarsu ke zuwa su ƙarasa rayuwa. Abin da ya faɗa tun wancan zamani, da idona na tarar da shi.

ASUBA A BAKIN GANGA

Daga tasha na shiga a-daidaita-sahu, irin namu sak, don dama daga can ake kawo mana shi. Ya kai ni inda ƙarfinsa ya ƙare, ya ce in sauka, sauran tafiyar ta ƙafa ce. Tsohon garin lunguna ne kamar na cikin kasuwar Kurmi, wasu in ka miƙa hannu biyu za ka taɓa bango da bango. A cikinsu za ka yi karo da mai babur, da mai tallan furanni, da bijimi kwance ya tare hanya yana tuƙa. Ba mai dukansa. Kai ne za ka raɓe ka wuce. Bakin kowa ja wur da wani ganye da suke naɗe ɓarzajjen ƙwallo da farar ƙasa a ciki su tauna, suna ce masa pan. Goronsu ke nan, kuma na Banaras ya yi suna har aka yi masa waƙa a fim ɗin Amitabh Bachchan, Don, na 1978.

Kana cikin wannan matsi sai lungu ya buɗe, ka ga sarari da ruwa. Gaɓar kogin duka an jera mata matakalar dutse masu gangarawa har cikin ruwa, tsawon kilomita shida ko fiye. Kowane yanki da sunansa, ana ce masa gat, kuma sun haura 80. Garin yana gaɓar yamma. Gaɓar gabas rairayi ne fetal, ba gini. Saboda haka duk wanda ya tsaya a matakala da asuba, gabas yake fuskanta, rana kuma a idonsa take fitowa.

Na yi sallar asuba a masaukina, na sauko na hau kwale-kwale. Sanyi ake yi, hazo ya kwanta a kan ruwa, amma matakalar cike take. Ga tsoho tsaye cikin ruwa iya ƙugu, ya kamfato ruwa da tafi biyu, ya ɗaga wa rana, ya zubar. Ga mata sun nitse da zannuwansu, sun fito suna rawar ɗari. Ga malamansu zaune ƙarƙashin manyan laimomi na gora, suna karanta wa baƙi addu'a. Gefe guda wanzami yana yi wa wani aski ƙwal. Can gaba masu wanki suna ta bugun tufafi a kan dutse. Ibada da neman abinci a matakala ɗaya, ba wanda ya tsargu da wani.

Ga abin da suka yi imani da shi, kamar yadda su da kansu suke faɗa. Kogin Ganga a wurinsu uwa ce, abar bauta ce da ta sauko daga sama, abin bautarsu Shiba ya tare ta da gashin kansa don kada ƙarfinta ya fasa ƙasa. Wanka a cikinta yana wanke zunubi. Sun yarda cewa rai yana mutuwa ya sake dawowa duniya cikin wani jiki, ya mutu ya kuma dawowa, gwargwadon aikinsa. Babban burin mai ibada shi ne ya fita daga wannan kai-da-komo baki ɗaya, abin da suke kira moksha. Kashi kuwa garin Shiba ne, wanda duk ajali ya riske shi a cikinsa, in ji su, ya huta da dawowa. Wannan ce igiyar da ke jawo mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar. Akwai masu ɗibar ruwan Ganga a tulun tagulla su kai shi Rameswaram, can ƙurewar kudu daura da Siri Lanka, su zuba a ɗakin bautar Shiba na can, su kuma ɗebo rairayin can su kawo wa Ganga. Mutanen da ba sa jin yaren juna, hanyar ziyara ta ɗinke su tun kafin a san wata ƙasa mai suna Indiya a taswira.

INA TSOFAFFIN ƊAKUNAN BAUTAR?

Ni ɗalibin tarihi ne, don haka abin da ya fi ja na shi ne tsofaffin gine-gine. An tona ƙasa a Rajgat, arewacin garin, an samu shaidar zaman mutane tun kimanin shekara 800 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Kilomita 10 daga garin akwai Sarnat, inda Buda ya yi wa'azinsa na farko, inda kuma aka tono zakunan dutse na sarki Ashoka waɗanda yau su ne tambarin ƙasar Indiya. Gari mai irin wannan shekaru, na ɗauka zan ga ɗakunan bauta masu shekara dubu biyu a kowane lungu.

Sai na fara tambaya: wannan yaushe aka gina shi? A ce ƙarni na 18. Wancan fa? Ƙarni na 19. Jan ɗakin bautar Durga, wanda birai suka mamaye har suna fizge abinci a hannun mutane, wata sarauniya daga Bengal ta gina shi a ƙarni na 18. Na Tulsi Manas, mai farin dutse, 1964. Na Bharat Mata, wanda babu gunki a cikinsa sai taswirar ƙasar da aka sassaƙa a dutse, Gandhi ne ya buɗe shi a 1936. Yawancin matakalan bakin kogin ma sarakunan Marata da takwarorinsu ne suka gina a ƙarni na 18. Wanda masana ke nunawa a matsayin mafi daɗewa da ke tsaye shi ne wani ɗan ƙarami, Kardameshwar, a gefen gari, na wajen ƙarni na 12.

Ku auna da namu. Ganuwar Kano an fara ta zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134. Gidan Rumfa na ƙarni na 15 ne. Babban ɗakin bautar Banaras kuwa, Kashi Bishwanat, wanda dominsa miliyoyi ke zuwa, ginin da ke tsaye yau an yi shi a 1780, lokacin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana ɗan shekara kusan 26 yana yawon wa'azi. Wato fadar Kano ta girme shi da shekara kusan 300.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin yana cikin tarihi, kuma tarihin ya shafe mu a matsayin Musulmi, don haka zan faɗe shi yadda yake. A 1194 rundunar Muhammad Ghuri, ƙarƙashin Ƙuɗubuddin Aibak, ta ci garin ta rushe ɗakunan bauta masu yawa. Mutane suka sake ginawa. Zamanin sarki Akbar, wajen 1585, wazirinsa na kuɗi Todar Mal, wanda Hindu ne, ya tsaya aka gina wa Bishwanat babban ɗaki. A 1669 jikan ɗan Akbar, sarki Aurangzeb, ya ba da umarni aka rushe shi, aka gina masallaci a wurin. Shi ne masallacin Gyanbapi, sunan wata rijiya da ke wurin, ma'anarsa rijiyar ilimi. Shekara 111 bayan haka sarauniya Ahilyabai Holkar ta Indore ta gina sabon ɗakin bauta a gefen masallacin. A 1835 Ranjit Singh, sarkin Panjab, wanda shi Sikh ne, ya aiko da zinariya aka lulluɓe ƙubbarsa.

Tarihin bai miƙe kamar sanda ba. Aurangzeb ɗin nan, a 1659, ya rubuto wa hakiman Banaras takarda yana hana a takura wa malaman Hindu da tsofaffin wuraren bautarsu, kuma takardar tana nan a ajiye a gidan tarihi na jami'ar garin. Yayansa Dara Shikoh kuwa, da taimakon malaman Banaras ya fassara littattafan Upanishad na Hindu zuwa Farisanci a 1657. Gida ɗaya, ɗaya yana fassara, ɗaya yana karewa yau ya rushe gobe. Masana na ta muhawara kan ko siyasa ce ta tura shi ko addini. Amma rushewar ta faru, kuma bangon yamma na masallacin har yau yana ɗauke da sassaƙar tsohon ginin, kowa yana gani.

Na tsaya a wurin na daɗe. Ban shiga cikin ɗakin bautar ba, daga waje na kalla. Ga ƙubbar zinariya, ga fararen ƙubbobin masallaci, tsakaninsu shingen ƙarfe mai tsawo da 'yan sanda da bindigogi. Layin masu ziyara ya yi tsawo har ya karya kwana, ƙafa ba takalmi, kowa da ɗan kwando na furanni da ganye da madara. Abin da za su gani a ciki ba mutum-mutumi ba ne, wani baƙin dutse ne mulmulalle da suke kira linga, alamar Shiba, ɗaya daga cikin 12 da suka fi girmamawa a ƙasar. Mutum zai yi awa uku a layi don tsayuwar da ba ta kai minti ɗaya ba. Wannan tsayuwa suna ce mata darshan, wato gani: kai ka gan shi, shi ma ya gan ka. Ƙararrawar nan da muke ji a fim, sallama ce, mai ziyara yana sanar da isowarsa.

Rigimar wurin ba ta kwanta ba. Majalisar Indiya ta yi doka a 1991 cewa kowane wurin ibada ya zauna yadda yake ranar 15 ga Agusta, 1947, ban da na Ayodhya, inda aka rushe masallacin Babri a Disambar 1992. Duk da dokar, an kai Gyanbapi kotu. A 2022 aka shiga duba masallacin, masu ƙara suka ce sun ga linga a kududdufin alwala, kwamitin masallaci ya ce bututun feshin ruwa ne, aka rufe wurin alwalar. A Janairun 2024 wata kotu ta ba Hindu izinin yin bauta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, Musulmi na salla a sama. Kafin nan, a Disambar 2021, firaminista Narendra Modi, wanda Banaras ce mazaɓarsa tun 2014, ya buɗe wani ƙaton fili da ya haɗa ɗakin bautar da kogi, bayan an saye an rushe gidaje da shaguna fiye da 300. Wasu 'yan garin suna murna da sarari, wasu, har da Hindu, suna kukan lungunan kakanninsu.

To a nan na samu amsar tambayata, kuma ita ce zuciyar wannan lacca. Na zo neman tsufa a jikin dutse, ashe tsufan yana ƙafar mutane. An rushe gini sau da yawa, ba a iya rushe hanyar da ƙafa ta saba bi ba. Akwai wani zagaye da suke yi wa garin, Panchakroshi, tafiyar kwana biyar a ƙasa, kusan kilomita 80, da wuraren tsayawa 108. Sarakuna sun zo sun wuce, Turawan Ingila sun zo sun wuce, zagayen yana nan. Sarki ya ɗauka in ya kawar da gini ya kawar da magana. Aurangzeb ya mutu a 1707, ya bar bashi, kuma waɗanda ake bi yau ba jikokinsa ba ne, talakawan masaƙa ne da ke bi ta gaban bindiga kafin su yi sallar Juma'a. Masu neman rama abin da aka yi shekara 350 da suka wuce a kan waɗannan bayin Allah kuwa, irin ramin da ya haƙa suke haƙawa, kuma Bahaushe ya riga ya ce a gina shi gajere.

INDA WUTA BA TA MUTUWA

Yanzu zan kai ku wurin da ya fi girgiza ni. Ina cikin lungu na ji murya a bayana, ana maimaita wata kalma da ƙarfi. Na matsa. Sai ga mutum huɗu ɗauke da makarar gora, gawa a kai lulluɓe da mayafi ruwan ɗorawa mai ƙyalli, suna sauri suna cewa sunan abin bautarsu Rama shi ne gaskiya. Ba wanda ya tsaya. Mai shayi bai daina zuba shayinsa ba. Na bi su a hankali har matakalar Manikarnika.

Nan ake ƙona gawa, dare da rana, ba hutu. Itace jibge kamar tsauni, ga babban sikeli ana aunawa, domin gawa ɗaya tana cin kilo 300 ko fiye. Za a tsoma gawar a kogi, a ɗora ta kan itace. Babban ɗa, an yi masa aski, ya ɗaura farin ƙyalle, shi zai zagaya ya sa wuta. Ba da ashana ake kunnawa ba. Ana karɓo wutar ne daga wani murhu da suka ce bai taɓa mutuwa ba, wanda ke hannun wata al'umma da ake kira Dom. Dubi ikon Allah: 'yan Dom suna can ƙasan tsanin ƙabilanci na Indiya, masu jin kansu ba sa cin abinci da su, amma ko sarki ya mutu sai an karɓi wuta a hannunsu. Bayan kamar awa uku a tattara toka a zuba a kogi. Ƙananan yara da masu gudun duniya ba a ƙona su. A al'ada mata ba sa zuwa wurin, kuma ban ji kuka ba.

Akwai ma gidajen jiran mutuwa. Wanda ya fi suna shi ne Mukti Bhawan, tun 1958, inda ake kawo wanda aka fid da rai da shi a ba shi ɗaki na mako biyu. In ajali bai zo ba, a mai da shi gida.

Mu da muke wanke mamaci, mu sa masa likkafani, mu rufe shi cikin mutunci kafin rana ta faɗi, wannan gani yana da nauyi a gare mu. Ban ci abinci ba ranar. Na gode wa Allah da sutura irin tamu. Amma na lura da fuskar wani saurayi da ke riƙe da wutar mahaifinsa, hannunsa na rawa. Wannan fuskar na san ta, na gan ta a maƙabartunmu. Maraici ba shi da yare.

A nan kuma aka so a yi mini wayo. Wani ya raɓo ni da Turanci mai daɗi, ya ce shi ma'aikacin gidan gajiyayyu ne, in ba da kuɗin itacen wata tsohuwa. Na kusa zura hannu aljihu, mai kwale-kwalena ya ƙyafta mini ido. Duk inda jama'a ke taruwa don ibada, akwai mai zuwa don aljihunsu. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu.

WADARI DA ABAWA

Kada ku ɗauka Banaras ta Hindu ce kaɗai. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin Musulmi ne, akasarinsu masaƙa da ake kira Ansari. Na shiga unguwarsu ta Madanpura, na bi ƙarar ƙoshiya har na samu masallaci na yi azahar. Da suka ji daga Nijeriya nake, wani dattijo ya riƙe hannuna ya ja ni gidansa. Masaƙarsa a rami take, yana zaune ƙafafu a ciki, yana saƙa siliki da zaren zinariya. Zanen nan na Banaras da amaryar Hindu ke mafarkin ɗaurawa ranar aurenta, yawanci hannun Musulmi ne ya saƙa shi, ɗan kasuwa Hindu ya sayar. Su da kansu suna kwatanta zamansu da zaren tsaye da na kwance, abin da masaƙanmu za su ce wadari da abawa. Zare ɗaya ba ya zama zane.

Garin ya fitar da mutanen da suka tsaya a wannan mahaɗa. Kabir, mawaƙin ƙarni na 15, a gidan masaƙa Musulmi ya tashi, ya caccaki malaman ɓangarorin biyu kan riya. Da ya ji mutuwa ta kusa, sai ya bar Kashi da kowa ke rububin mutuwa a cikinta, ya tafi Magahar, garin da ake cewa wanda ya mutu a can jaki zai dawo, don ya nuna cewa ba ƙasa ke tsirar da mutum ba. Yau a Magahar akwai kabarinsa na Musulmi da wurin tunawa da shi na Hindu, bango ɗaya ya raba. Sai Bismillah Khan, mabushin shehnai, wato algaitarsu, wanda ya rayu daga 1916 zuwa 2006. Musulmi ne mai salla, a gaɓar Ganga ya koyi busa wurin kawunsa da ke yi wa ɗakin bautar Bishwanat busa, kuma shi aka kira ya busa a Delhi lokacin samun 'yancin kai a 1947. Na ga wasu malamai sun ɗaure fuska. Ba fatawa nake bayarwa ba, Allah gafarta malam, labarin gari nake bayarwa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Veer Bhadra Mishra. Har zuwa rasuwarsa a 2013 shi ne shugaban ɗakin bautar Sankat Mochan, kuma ya kasance farfesan injiniyan ruwa a Jami'ar Hindu ta Banaras, wadda aka kafa a 1916. A matsayinsa na mai ibada kullum sai ya yi wanka a Ganga. A matsayinsa na masani ya san ruwan kwatamin birni ne ke kwarara ciki. Bai ɓoye ɗaya don ɗaya ba. A 1982 ya kafa gidauniya yana auna ƙazantar ruwan yana faɗa wa hukuma, shekara huɗu kafin gwamnatin Rajiv Gandhi ta ƙaddamar da shirin tsabtace kogin a 1986. Ranar 7 ga Maris, 2006, aka tayar da bam a ɗakin bautarsa, mutane suka mutu. Ana jiran gari ya kama da wuta. Sai ya sa aka ci gaba da ibada, ya hana 'yan siyasa mai da wurin dandalin zuga, shi da Muftin Banaras suka kira mutane su kwantar da hankali. Garin bai ƙone ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuwa suka toshe tsagar tun da dare.

IN HANYA TA BI DA KU

Ɗalibai, cikinku akwai waɗanda za su je Indiya. In kun samu kanku a irin wannan gari, ga guzuri. Cire takalmi inda aka ce a cire. Inda aka ce baƙo ba ya shiga, kada ka yi musu, mu ma muna da inda ba a shiga. In an miƙo maka abincin da aka kai wa abin bauta, ko za a shafa maka jan gari, ɗora hannu a ƙirji ka ce kai Musulmi ne. Sau da yawa na yi haka, ban ga wanda ya ji haushi ba. Kada ka ɗauki hoto a wurin ƙona gawa. Kada ka sha ruwan kogin. Kada ka yi dariya, kada ka yi zagi, addininmu da kansa ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. Kada kuma ka tsoma baki a rigimar masallaci da ɗakin bauta a cikin kasuwa. Baƙo raɓa ne, kai za ka tafi, masaƙan nan su za su kwana.

Daren ƙarshe na zauna a kwale-kwale daura da matakalar Dashashwamed, inda kowace magariba samari ke jeruwa suna juya manyan fitilu masu harsunan wuta don girmama kogin, ana buga ƙararrawa ana busa ƙahon katantanwa. Da aka tashi, hayaniya ta lafa, sai na ji kiran sallar isha'i yana saukowa daga cikin lunguna. Mai kwale-kwalen, Hindu ne da jan gari a goshi, ya dube ni ya ce lokacinku ya yi, ya juya akalar jirgin ya kai ni matakalar da ta fi kusa da masallaci. Ban roƙe shi ba. Bai karanta Albairuni ba, bai san dokar 1991 ba. Kakansa ya ji wannan kira, shi ma ya tashi yana ji, har ya san lokacinsa.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo. A nan zan dakata. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, malamaina su gyara mini. Mai tambaya ya ɗaga hannu.